Kwana 16 a rumfar Baba mai gyaran keke

Wata shida ke nan ina hawa keken da marigayi kawuna ya bari, daga gida zuwa lakwal ɗin da nake koyarwa, kilomita 5 zuwa, 5 dawowa. A cikin wata shidan nan mutum ya fi goma da ya tsayar da ni a hanya yana tambayar inda aka gyara mini shi, har da wani ɗan sanda da na zaci laifi na yi. Na gaji da kwatance a bakin titi cikin rana, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, da daɗin da ɗacin.

Rumfar tana bayan kasuwar Dole a nan Damagaram, a gindin wani dogon yaro. Ba allo, ba suna, sai tsoffin wilin keke da aka rataye a reshe kamar kayan boka. Mai ita dattijo ne siriri da tabarau ɗaure da zare, kowa Baba yake ce masa, ni ma a haka zan bar shi. Yana da yara biyu masu koyon aiki, da benci guda, da akwatin ƙarfe wanda ba ya bari kowa ya sa hannu a ciki.

Keken kuwa Peugeot ne, wanda muke ce wa Fijo, fari, da zaki a goshi. Mu nan da 404 da 504 muka san kamfanin, amma tun 1882 suke ƙera keke, kafin su fara mota. Kawuna ya saye shi a farkon shekarun 1980 hannun wani Bafaranshe malamin lise da zai koma gida. Keken tsere ne: kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago, taya siririya kamar ɗan yatsa, giya goma. Na tuna muna yara a Birni, in kawu ya shigo da shi lungu sai mu bi shi a guje, shi ko ya duƙa kamar mai neman allura a ƙasa. Da ya tsufa ya jingine shi a ɗakin shirgi, ya shekara wajen ashirin a can tare da tsohon rediyo da buhunan da ɓera ya gama da su.

Abin da ya sa na tono shi ba son motsa jiki ba ne, kada in yi ƙarya. Injin motona, wato babur, shi ne ya buga ana saura wata guda a koma lakwal, kuɗin gyara ya fi ƙarfin aljihuna, kabu-kabu kuma sefa 300 zuwa, 300 dawowa. Ka lissafa kwana 22, ka ga jikka 13 da ɗoriya ta tafi a wata. Ga ƴan uwa na Najeriya, jikka a wurinmu sefa 1,000 ce.

Kafin in san Baba sai da na yi wauta biyu. Ta farko, na duba tsohuwar tayar, na ga wani 28 da ya rage a jikinta, na shiga kasuwa na ce a ba ni taya 28 guda biyu. Aka ba ni, na biya, na dawo gida ina murnar araha. Da na zo sawa sai tayar ta zarce rim ɗin gaba ɗaya, kamar ka sa wa yaro hular babansa. Ta biyu, na kai wa wani mai faci a unguwarmu ya buɗe mini cibiyar keken, wato inda ƙarfen feda yake juyawa, don tana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ya kama sifana ya ja, ta ƙi. Ya ɗauko guduma. Ina tsaye ina kallo ya yi mata duka biyar ko shida, sannan ya ce tsatsa ce ta cinye, sai dai walda. Allah ne ya sa jikina bai ba ni ba, na tura abina na tafi. Wani abokin aikina ne ya ce mini in neman mai tsohon hannu nake, in je bayan Dole.

Da na isa Baba bai ko dube ni ba, keken ya duba. Ya zagaya shi sau biyu, ya ɗaga shi da yatsa uku, ya ƙwanƙwasa sandar da farce ya kara kunne. Sannan ya tsuguna ya shafa inda guduma ta sauka.

"Mushe, wa ya daki keken nan?"

Na Kano kada ku yi dariya, mushe a Damagaram malamin boko ne, ba abin da kuke nufi ba. Na gaya masa yadda aka yi. Ya girgiza kai, ya kira babban yaronsa ya ce ya zo ya gani. Ya buɗe akwatin ya ɗauko wata sifana mai faɗi da ya ce shi ya sa maƙeri ya yi masa, ya ɗiga kananzir, ya jira muka gama gaisawa da tambayar iyali, sannan ya ɗora ta ya danna zuwa hagu. Abin ya saki da ƴar ƙara, kamar an buɗe kwalbar lemo.

A nan ya yi mini karatun da ya zama tushen duk aikin. Kekunan da suka cika ƙasar nan, Phoenix na Sin da tsoffin Raleigh, a kan ma'aunin Ingila aka yi su. A irin nasu, murfin cibiya na ɓangaren sarƙa zarensa a juye yake, dama ake juya shi in za a kwance. Faransawa kuwa a wancan zamani nasu ma'auni daban suke bi, murfin nasu duka biyun hagu ake kwance su kamar kowane noti. Ashe mai facin unguwarmu ƙara ɗaure shi yake yi da kowace guduma. Haka feda: tasu zarenta milimita 14, ta fi ta kasuwa sirantaka da ɗan kaɗan, in ka tilasta ta kasuwa a ramin ka kashe zaren har abada. Ya goge gindin fedar da tsumma ya nuna mini harafin D a ɗaya, G a ɗaya, dama da hagu da Faransanci. "In ka ga R da L, ɗan Ingila ne. In ka ga D da G, ka ajiye guduma ka yi alwala." Haka ƴar kusar da ke riƙe ƙarfen feda, wadda suke ce wa kota: ta Faransa milimita 9, ta kasuwa 9 da rabi. Bambancin duk bai kai kaurin farce ba, amma shi ke kai irin waɗannan kekuna wurin ƴan gwangwan.

Batun tayar ma ya warware mini. 28 iri biyu ce. Ta Phoenix, 28 x 1½, faɗin bakinta milimita 635. Ta kekena, wadda ake rubuta 700C, milimita 622, kuma Turawa ita ma 28 suke ce mata wani lokaci. Milimita 13 ce ta ci mini kuɗi. Ya ce daga yau in manta da babban lamba, in nemi ƴar ƙaramar da ke gefe, lamba biyu da ɗan layi a tsakani, ta ƙarshen ta zama 622. Tayoyin da na saya ya karɓa ya sayar wa wani mai kai kankara, ya cire mini daga kuɗin aiki. Wannan na rubuta masa a shafin alheri.

Sai ya tambaye ni abin da ba wani mai gyara da ya taɓa tambayata: ina nake zuwa, ta wace hanya, me nake ɗauka, da wane kaya nake sawa, kuma ina ke mini ciwo. Na ce ƙugu da gwiwar dama, shekara 46 ba wasa ba. Na ce kwalta ce mafi yawa, sai wajen mita 400 na rairayi kafin ƙofar lakwal. Na ce ina ɗaukar littattafan yara wajen sittin in zan yi gyara a gida. Ya ce to wannan keken an yi shi don saurayi mai gajeren wando da ke son ya riga wani, ni kuwa so nake in isa aji ba gumi, ba ƙugu a hannu. Ya ce abu uku ne za su yi aikin, kai da sirdi da taya, sauran duk wanki ne da giris. Ya ce kwana huɗu.

Kan keken shi ne aikin da na fi tsayawa na kalla, don ranar na zo karɓa na tarar ko rabi ba a yi ba. Ya samo kai mai lanƙwasa zuwa baya daga wani keken mata na okaziyo, irin na Japan ɗin nan da ake shigo da su, tare da dogon wuyansa da hannayen birki. Dole a canja hannayen birki, don na ƙahon rago ba sa zama a miƙaƙƙen kai. Matsalar wuyan: na Japan kaurinsa milimita 22.2, ramin keken Faransa 22 cif. Wani da ya ɗora katako ya buga. Baba ya zauna a benci, ya maƙale wuyan tsakanin gwiwoyinsa, ya yanko doguwar takardar yashi ya naɗe, yana ja hagu da dama kamar mai goge takalmi. In ya yi minti biyar sai ya juya shi kaɗan. Can ya shafa masa baƙin tukunya, ya zura a ramin, ya zaro, ya duba inda baƙin ya goge, ya ci gaba da nan kawai. Aka kira azahar, ya ajiye, muka je muka dawo, ya ɗauka. Sai wajen la'asar wuyan ya shige da nauyin kansa, sulul, ya tsaya ba girgiza. Ya nuna mini wani layi da aka zana a jikin wuyan, ya ce ko wa ya ce mini in ƙara ɗaga kan, kada layin nan ya fito waje, in ya fito ranar da zai karye ba zai yi sallama ba.

Wannan canjin shi kaɗai ya isa a ce an yi gyara. Da, in na hau, nauyina a tafin hannu yake, wuyana a ɗage, ina leƙen hanya ta saman ido. Yanzu ina zaune kamar a kujerar zaure, hannuna a ƙasa da ƙirji kaɗan, ina ganin adaidaita tun daga nesa, ina iya amsa gaisuwa. A garin da kowane lungu akwai wanda zai ce maka ina kwana, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A kan sirdi muka yi musu, kuma ni na ci musun, abin da ya zame mini asara. Ya fito da wani tsohon sirdin fata mai sifirin biyu a ƙasa, baƙi, ya sha zama har ya yi sheƙi. Na taɓa na ji tauri kamar ƙwarya. Na ce a'a, ni mai soso nake so, irin mai kauri da ake sayarwa sabo a leda. Ya ce, "Mushe, soso a shago yake da daɗi." Na nace, ya sa mini. Mako biyu na farko lafiya lau. Da aka shiga zafin Oktoba, irin na bayan damina, sai na gane: ƙasusuwan zama suna nutsewa, soson ya taso ya danne inda bai kamata ba, leda kuma ba ta shan gumi. In na bar keken a rana zuwa tashi, sai na ɗora hula kafin in zauna. Na koma da kunyata na karɓi na fatar. Ya ba ni ɗan man shanu a leda ya ce in shafa ta ƙasa sau ɗaya in manta. Kwana goma ya ba ni wuya, daga nan ya ɗauki siffata.

Tsayin sirdin kuma shi ya warkar da gwiwa. Mu nan mun saba a sauke sirdi ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa ana zaune, sai ka ga babban mutum yana tuƙi gwiwa na neman haɓa. Baba ya sa yaro ya riƙe keken, ya ce in ɗora diddige a feda in kai ta can ƙasa. Ya yi ta ɗaga sirdin har ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙuguna ya karkata ba. Ya ce tunda da gaban ƙafa ake tuƙi, ba da diddige ba, gwiwa za ta rage ɗan lanƙwasa, daidai ke nan. Kwana uku na farko ina jin kamar a kan raƙumi nake, in zan tsaya sai na sauko gaba. Tun daga nan gwiwar ba ta sake tashe ni da dare ba.

Taya ita ta cinye kwanaki. Mai 622 ba a samunta a kowane shago a nan, sai an yi saƙo Kano, ta biyo ta Daura da Matamaye a motar wani da Baba ya sani. Tsoffin faɗinsu milimita 25 ne. Ya auna tsakanin ƙafafun keken da ƙarƙashin birki da tsinke, ya ce 32 za ta shiga da sarari, 35 za ta shiga amma in wili ya ɗan karkace za ta goga. Muka tsaya a 32. Birkin asali ne, Mafac, irin wanda waya ke ja daga tsakiya, hannayensa dogaye, shi ya sa akwai wuri. Bai canja shi ba, ya wanke, ya sa sabuwar roba da waya, ya ɗan karkata robar yadda gabanta zai riga taɓa rim don kada ya yi kuka. Rim ɗin ƙarfe ne, ya gargaɗe ni in ruwa ya jiƙa shi birki sai ya yi zagaye biyu ko uku kafin ya kama. Damina ba ta same mu ba tukuna, amma na riƙe.

Wani ƙaramin abu da ya yi wanda kullum nake sa masa albarka: bawul. Na asali siriri ne irin na tsere, wanda ba famfon mai faci ko ɗaya a garin nan da ke kama shi. Ya faɗaɗa ramin rim ɗin kaɗan, ya goge bakin, ya sa tiyub mai bawul irin na moto. Yanzu ko ina iska ta sauka, dala biyar ta isa. Ya kuma ce kada in bari a cika ta tam kamar dutse, tsohon rim ba shi da ƙugiyar da ke riƙe bakin taya, kuma taya mai ɗan laushi ta fi bin rairayi. Da babban yatsa yake aunawa, ta ɗan shiga kaɗan.

A kwalta keken gudu yake kamar ana tura shi. A rairayin ƙofar lakwal kuwa gaskiya 32 ba ta isa ba. Inda ya yi zurfi gaba na nutsewa, sai in sauka in tura wajen taku hamsin, yara na kallo. Wanda hanyarsa rabi rairayi ce, ya nemi keke mai taya mai kauri, ba Baba ba ko wa ya gyara masa wannan ba zai yi ba. Ƙaya ma tana nan. Ya yanka tsohon tiyub ya shimfiɗa a cikin tayar, ya rage, amma tsaidau ya huda ni sau uku a wata shida, duka a rana irin wadda na makara.

Sai giya. Abin canja giyar na baya roba ce rabinsa, shekaru da zafin ɗaki sun tsattsaga shi. Na ce a nemo wani. Baba ya ce daga gidana zuwa aiki wane dutse nake hawa? Duwatsun Damagaram a gefen hanya suke zaune, ba a kanta ba. Ya cire na gaba da na baya da wayoyinsu da ƴan sandunan da ke jikin keke, ya rage sarƙa. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne tsagin da wilin baya ke shiga dogo ne a kwance, ana iya jan wilin baya a ɗaure sarƙa, kamar na Phoenix. Bai taɓa firiwil ɗin ba, wato taurarin da sarƙa ke hawa a wilin baya, don shi ma zaren Faransa ne, na kasuwa mai tauraro ɗaya zai lalata shi. Yana da taurari biyar, 14, 17, 20, 24, 28. Faranti a gaba biyu, 52 da 42. Ya ɗora sarƙa a 42 da 20, ya tsuguna a baya ya rufe ido ɗaya, ya ce nan ta fi miƙewa.

Ni malamin lissafi ne, na zauna na buga. Zagayen tayar wajen mita 2.15. 42 a raba da 20, a ninka, kowane juyin feda mita 4 da rabi. In na juya sau 60 a minti, kilomita 16 a awa ke nan. Na ga kamar ya yi sanyi, na ce a mayar 17, wanda zai ba da mita 5.3. Ya ce in bari hunturu ya zo, in na ga dama a lokacin ya mayar mini kyauta. Lakwal ɗinmu gabas take da gidana. Da Disamba ta kama, iskar nan ta arewa maso gabas ta fara dukan ƙirjina da ƙarfe bakwai na safe, ga ni zaune a miƙe kamar ƙyaure, ga babbar riga ta cika da iska, sai na gane hanya mai shimfiɗa ma tana da tudu, ba a dai ganinsa. Ban koma na ce a canja ba. Amma da yamma in iska na bayana, ƙafa juyawa take ba ta samun abin takawa, sai in bari ya gangara da kansa. Har yanzu wani lokaci ina kewar giya ɗaya a sama, kuma ina ganin da ya bar mini zaɓi da bai yi laifi ba.

Babban farantin, mai 52, bai cire ba. Ya ba ƙaramin yaron magagari ya ce ya cinye haƙoran duka. Yaron ya wuni yana gurza yana tsaki. Da aka gama ya zama zobe mai santsi a gefen sarƙa, shi ke kare bakin wando. Tunda na fara hawa sau ɗaya sarƙa ta kama ni, shi ma ranar Juma'a ce da na sa riga mai faɗi ban tattare ba. Mai kuma ya hana ni baƙin man inji da kowa ke zubawa, ya ce a garin ƙura wannan kunun yashi ne kake dama wa sarƙa. Man keken ɗinki, ɗigo kaɗan, a goge da tsumma har ta yi kamar ba a sa ba. Kwalbar uwargida nake sata.

Yanzu ɗacin. Kwana huɗun da ya ce, 16 suka zama. Wasu na taya ne, ba laifinsa ba. Amma sau uku ina zuwa in tarar da rumfa da yara kawai, ya tafi jana'iza Mirya, ya tafi suna, ya tafi duba wani. Yana da salula, a cikin akwatin ƙarfe take kwana. Har aka koma lakwal ina biyan kabu-kabu mako guda. Ba ya faɗin kuɗi tun farko, in ka tambaya sai ya ce bari a ga ciki, wannan kuwa ga mai albashi abin tashin hankali ne. Babban yaron ya karce fentin sanda da sifana, daidai kan rubutun da ya tsira shekara arba'in, Baba ya yi masa faɗa amma karcen yana nan. Kariyar ɗaukar kaya da suka ɗaura ta wani keke ce, ƙafarta ɗaya da waya aka ƙarasa, tana kaɗawa a kan kowane rami, sau biyu na mayar ba ta daina ba. Kuma in kana sauri kada ka bari ya fara labarin zamanin da ma'aikatan gidan waya ke yawo da keke, sai magariba.

Laifin da yake nawa kuma in faɗa. Ya ce mini kariyar ta littafi ce da cefane, kada ta wuce kilo goma, keken ba jaki ba ne. To wanda ya san Damagaram ya san ruwa. Mako guda famfon unguwarmu bai ɗiga ba, na ɗaure bido mai lita 25 a baya na taho. Kafin gida na ji ƙas, ƙas, wayoyin wili biyu sun tsinke, wilin ya koma kamar faifan da ya sha rana. Da na kai masa bai ce komai ba, ya sa sababbi, ya daidaita wilin yana kaɗa wayoyin da farce yana saurare kamar mai ɗaure gurmi. Da zan biya ya ce, "Kuɗin waya 500. Kuɗin rashin ji, ka kawo goro."

Lissafin duka: taya biyu jikka 13, tiyub biyu jikka 3, kai da wuya da hannayen birki jikka 5, sirdin fata 3,500, sarƙa jikka 2, robar birki da waya da ƴaƴan boris da giris jikka 3, kariya 2,500, aikin hannu jikka 6. Jikka 38 ke nan, ban da sirdin soso da na jefa wa ɗan maƙwabci. Kuɗin kabu-kabu na wata uku. Aikin hannun, in aka dubi wunin da ya yi a kan wuya kaɗai, ya yi araha har na ji nauyi. Duk abin da ya cire, ƙahon rago da giya da tsoffin wayoyi, ya zuba a buhun siminti ya ba ni, ya ce na kawuna ne, wata rana wani yaro a gidan zai so tsere.

Na ɗora keken a sikelin wani mai hatsi don son sani: kilo 14 da kariya da komai. Phoenix na maƙwabcina a sikeli guda ya haura 20. Wannan bambanci nake ji duk yamma in zan ɗaga shi in haye dokin ƙofa. Minti 20 nake yi zuwa aiki, 25 in da iska. Mutane ba su daina tambaya ba, "Mushe, ina moto, lafiya dai?" da irin muryar da ake yi wa mutum jaje. Uwargida ma da farko cewa ta yi in bi ta bayan layi kada danginta su gani. Yanzu ita ke aike na kasuwa, ta ce ai ba esansi zan ƙona ba.

Wanda ke da tsohon keken Turawa a ɗakin shirgi, musamman in ya ga D da G a feda, ya kai wa Baba kafin kowa ya taɓa shi. Wanda faci kawai yake so ko yana da tafiya gobe, ya tsaya a unguwarsu. A je da hantsi, ban da Alhamis, ranar kasuwa rumfar cike take da ƴan ƙauye da kekunansu, ba zai saurare ka ba. A tafi da haƙuri da ɗan canji na shayi.

Tayar baya ta fara sanƙo a tsakiya. Ranar Asabar na kai masa jikka 3 kafin alƙalami a yi saƙon wata daga Kano. Ya ce mako ɗaya. Na sa wata guda a raina, na kuma ce yaron ya sake duba ƙafar kariyar nan.